Faɗuwar Isuhu a Abijan

Ƙullin maganin da Inna ta ba ni shi ya fara jefa ni a uku, tun ban ji ƙanshin Abijan ba. Mun bar Yamai, mun yi nisa cikin ƙasar Mosawa, sai aka tsayar da kar ɗinmu, wato babbar motar fasinja, a wani shinge, aka ce kowa ya sauka da abin da ke jikinsa. Wani mai kaki ya laluba aljihuna, ya fito da ƙullin, ya kwance, ya shinshina, ya dube ni sama da ƙasa. Faransancina bai wuce gaisuwa da ƙidaya ba, don lekwal, makarantar boko, ba ta daɗe da ni ba. Wani Bazabarme ɗan kasuwa ne ya fassara mini, yana kawar da kai: an ce ƙwaya ce na niƙa.

Bari in faɗi ko wane ne ni da abin da ya fito da ni, don a san nauyin ƙullin nan. Sunana Amadu, mutumin Barmu, arewa da Tawa. Na yi kokowa da ƙuruciya. Ban yi sunan da rediyo za ta faɗa ba, amma a kasuwannin Adar an san ni, kuma akwai abu guda da nake taƙama da shi har gobe: an sha kayar da ni da gwiwa, an sha sa ni dafa ƙasa, amma bayana bai taɓa kwanciya a fili ba. A wurina namiji ya kwanta rigingine gaban jama'a, to an gama da shi.

Ƙanena Isuhu shi ne autan Inna. Ya tafi biɗa Abijan bayan girbi kamar kowane saurayin Adar, ya dawo da ruwan farko, ya sake komawa. Daga nan damina ta zo ba shi, wata ta sake zuwa ba shi, wayarsa ma ta daina shiga. Muna cikin wannan zulumi sai ga wani ɗan guntun bidiyo a wayar maƙwabcinmu, an turo daga hannu zuwa hannu. Isuhu ne, ba tantama. Yana tsaye yana tangaɗi, sai ya zube ƙasa, ya juya a kan bayansa, ƙafafu suna watsal-watsal a sama, sannan ya sandare wuri guda, wuya a karkace, hannu a murɗe. Mutane sun kewaye shi suna ihu, ba wanda ya taɓa shi. Bidiyon ya yanke yana nan a sandare.

Inna ta kalla sau ɗaya ta miƙa wayar. Ta ce, "Hakanga Illa ka yi."

Illa ƙanenta ne, ban taɓa ganinsa ba. Yana da farfaɗiya. Tana budurwa suka je rijiya tare, ciwon ya kama shi a bakin rijiyar, ita tana can gefe tana ɗaure jaki. Ta yi ta kiran sunansa bai amsa ba, kafin ta iso ya gangara ciki. Ba ta ba da labarin nan sai ta kama dole. Tun ranar da ta ga bidiyon ta rage cin abinci, tana ta tambayar masu dawowa ko gaskiya ne Abijan duk ruwa ce.

Ban ce ba wanda ya gaya mini gaskiya ba. Da na shiga Tawa da bidiyon a wayata, wani mai cajin waya kusa da tasha ya kalla ya ce, "Baba, wagga ai rawa ta." Na ce masa ya rufe mini baki. Na san rawa, na yi ta a gaban ganga kafin a haife shi, ban taɓa ganin rawar da mutum zai kifa kansa a siminti ba. Na tafi wajen wani tsoho can gefen Takanamat, na karɓo garin magani. Inna ta ƙulle shi da hannunta, ta ce ba tare da ta dube ni ba, don ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, "Kai, tahi ka ɗauko min shi, ko da ɗaure na."

To wannan ƙullin ne ke hannun mai kaki. Direba ya jira, ya jira, fasinjoji suka fara gunaguni, sai na ga kar ta ja. Jakata tana samanta, da kayan sawana da cukun da na saya wa Isuhu. Na tsaya a rana ina kallon ta har ta ɓace. Da na ga za a watsar da maganin, na yi abin da ya zo mini: na cika tafina da garin na zuba a baki, na haɗiye a gabansu. Ɗacinsa har cikin kunne. Suka yi ta dariya, suka jefo mini sauran, suka ce in kama gabana.

Ban yi nisa ba cikina ya fara kuka. Ko mene ne tsohon Takanamat ya haɗa, ba a yi shi don a sha tafi guda ba ruwa ba. Wata Bamosa mai sayar da kunu a bakin hanya ta ga yadda nake shiga daji ina fitowa, ta nuna mini inuwar rumfarta. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Ta dama mini kunu da tsamiya, ta sa mini buta kusa, ta ƙi karɓar komai. Da na ɗan farfaɗo ta ɗauki ƙullin, ta ƙara masa leda, ta ɗaure tamau, ta mayar mini aljihu tana girgiza yatsa, alamar kada in ƙara.

A nan rumfar na ji ana zagin wani taya da Hausar gida. Kamiyon albasa ne ya tsaya, wato babbar motar kaya, direban wani Buzu ne mai suna Agali, mutumin arewacinmu. Na gaishe shi, ya saurari bakina ya ce, "Kai Ba'adare na. Mi ka kai nan kwance awa buhun da anka manta?" Na ba shi labari. Bai yi dariya ba sai da na kai wurin shan gari. Ya ce in hau sama.

A kan buhunan albasa na ratsa sauran hanyar, Bobo, Buwake, har ƙasa ta canja ta koma kore shar, itatuwa suka rufe sama. Warin albasar nan ya dame ni da kewar gida fiye da yadda na zata. Ina rufe ido sai in ga fadama, in ga Inna a bakin murhu tana tura tuwo gefe. Duk inda muka tsaya Agali zai hura ɗan gawayinsa ya dafa shayi, ya miƙo mini kofin farko. Bai taɓa ce mini ƙanenka yana lafiya ba, don bai sani ba, kuma na gode masa da bai yi mini ƙarya ba.

Abijan ta ba ni tsoro. Ba motocin ba, ba hayaniyar ba, ruwan. Duk inda ka juya ga shi, ƙarƙashin gada, bayan gidaje, gefen kasuwa. Duk gadar da na hau sai na leƙa ƙasa, ina tuna Illa da ban taɓa gani ba.

A unguwar Ajame na sami ɗakin mutanenmu, masu teburin shayi da kafe da masu yawo da agogo da tabarau. Sun karɓe ni hannu biyu, sun ba ni tabarma da riga. Game da Isuhu kuwa ba su da abin kirki. Sun ce an yi korar masu tebur daga bakin titi, kayansa suka salwanta gaba ɗaya, kunya ta hana shi zama cikinsu, ya ɗauki ledarsa ya shiga cikin 'yan gari. Bidiyon su ma turo musu aka yi, sun kalla sun goge. Wani ya ce ciwo ne, wani ya ce ƙwaya, wani ya ce rawa. Ba wanda ya san unguwar.

Na fara yawo da wayata ina nuna wa mutane. A wata tasha wani mutum mai tsaf-tsaf ya tare ni, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Ya kalli bidiyon ya dafe ƙirji, ya ce ai ya san yaron nan, abokin ɗan'uwansa ne, bari ya nuna masa a bayan shagon can ya tabbatar. Na miƙa masa wayar da hannuna. Na tsaya a ƙofar shagon har inuwa ta juya, sannan na leƙa na ga bayan shagon wani titi ne. Na ji haushin kaina ƙwarai, amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yanzu ba ni da fuskar Isuhu da zan nuna wa kowa.

Haka na ci gaba da yawo, unguwa bayan unguwa, ina faɗin sunansa kawai. Mutanen ɗaki suka ce in kira gida da wayarsu, na ƙi, don ba ni da abin da zan gaya wa Inna. A Yopugon na saba da wata mata mai sayar da aceke, wato garin rogo da ake ci da kifi. Na taɓa sauke mata buhu daga mota, tun daga nan in na wuce sai ta kira ni ta zuba mini. Wata rana ta tambaye ni da hannu abin da nake nema. Na nuna tsayin Isuhu, na dafa ƙirjina alamar nawa ne. Na juya yatsa, na karkace wuya, na kaɗa hannu. Ta yi ta kallona, ba ta gane ba.

Na duba hagu, na duba dama, ba Ba'adare ko ɗaya. Na tuɓe takalmi. Ni Amadu, da bayana bai taɓa kwanciya a fili ba, na kwanta rigingine a bakin titin Yopugon, na ɗaga ƙafafu sama ina wutsil-wutsil, na yi ƙoƙarin juyawa, sannan na sandare na karkace wuya kamar yadda na gani. Matar ta yi dariya har ta riƙe tebur. Ta kira maƙwabtanta su ma su gani. Ina kwance ina jin kunya tana cin raina, sai na ji ta faɗi kalma ɗaya tana tafa hannu: birek. Ta nuna mini da yatsu in dawo ran Lahadi.

Ran Lahadi bayan la'asar ta rufe teburinta da zane, ta kama hanya ina bin ta, har wata rumfa babba a bayan kasuwa mai shafaffen siminti. Tun daga nesa na ji kiɗa yana dukan ƙirji. Jama'a sun yi da'ira. Na kutsa, na ga wani dogon saurayi a tsakiya yana taka ƙasa yana nuna wani da yatsa, yana yi masa gwalo, yana kwaikwayon tafiyarsa. Na bi yatsan da ido. Isuhu ne, ya rame, ya tara gashi, amma shi ne.

Dogon ya koma gefe, Isuhu ya fito. Ya fara tangaɗin nan da na gani a waya, gaba, baya, hannu yana ratsa ƙirji. Sai ya zube. Abin da ya biyo baya ban tsaya tunani a kansa ba. Na ga bayansa a ƙasa, na ga ƙafafu a sama, na ga mutane suna tafi ba mai taimako, sai jinina ya hau. Na faɗa cikin da'irar, na rungume shi, na danne ƙafafunsa, na ɗora kansa a cinyata don kada ya bugu, ina karanta duk abin da ya zo bakina, ɗayan hannun yana laluben ƙulli a aljihu.

Ya buɗe ido tangaran ya dube ni. Ya ce, "Yaya? Yaya, mi kaka yi nan? Sake ni, layina na."

Mai farfaɗiya ba ya magana, wannan ko ni na sani. Amma kafin maganar ta zauna mini, dogon nan ya matso yana ɗaga hannu yana surutu a kaina. Na miƙe, na kama ƙugunsa, na ɗaga shi sama, ƙafafunsa suna lilo. Kiɗa ya tsaya cik. Wani mutum gajere mai furfura a gemu ya zo ya dafa kafaɗata, ya yi magana a hankali. Isuhu ya fassara cikin haushi: "Ya ce ka aje shi. Nan ba a taɓa kowa." Na ajiye shi a kan ƙafafunsa, har na kaɗe masa riga.

Aka ce ɓangaren su Isuhu sun faɗi, tunda nasu ya taɓa abokin karawa. Isuhu yana ta huci. Na zauna a siminti ina kallonsa yana tafiya, yana masifa, yana shan ruwa kamar kowa. Ban taɓa jin daɗin a yi fushi da ni ba sai ranar. Hawaye suka zubo mini, ban share ba.

Gajeren nan Tonto Yawo suke ce masa, shi ke koya musu. Da ya ji abin da ya kawo ni bai yi dariya ba, ya sa aka kawo mini benci. Ya sunkuya ya nuna mini tsakiyar kansa, wani wuri fayau ba gashi, ya ce juyi a ka ne ya cinye shi tun yana saurayi, lokacin da suke koyo daga kaset ɗin bidiyo. Sannan ya ba ni asalin abin, Isuhu yana fassarawa yana ɓata rai.

Ya ce rawar ta fito daga Amurka, wata unguwar talakawa a birnin New York da ake kira Bronx, tun kafin a haife ni, cikin yaran baƙar fata da yaran mutanen Puerto Rico. Masu sa faifai a wurin biki ne suka lura cewa akwai wani wuri a cikin waƙa da mawaƙi ke yin shiru, sauran kayan kiɗa su ɗauke, a bar ganga ita kaɗai, kuma a nan ne matasa suka fi haukacewa da rawa. Wurin gajere ne. Sai suka riƙa sa faifai biyu iri ɗaya, wannan na ƙarewa su tayar da wancan, don gangar ta daɗe. Wannan gurbin shi ake kira birek, rawar ta ci sunansa, kuma tana cikin abubuwan da suka haɗu suka zama hip-hop. Na ce ai mu ma muna da shi, in makaɗin 'yan kokowa ya gama kirari ya saki baki ya bar ganga, lokacin ne jikin mutum ke tashi. Tonto Yawo ya gyaɗa kai da Isuhu ya mayar masa.

Ya tashi ya nuna mini da jikinsa, da shekarunsa. Da farko ana takawa a tsaye, mutum ya nuna ko shi wane ne, ya ja hankalin abokin karawa. Tangaɗin da na gani ke nan. Sannan a sauka ƙasa, kuma saukar ma gwaninta ce, ba zubewa ba ce. A ƙasa hannuwa su ɗauki jiki, ƙafafu su kewaya su da sauri. Mai ƙarfi ya ƙara da juyi a baya ko a kafaɗa ko a ka. A ƙarshe sai a tsaya cak a wani yanayi mai wuya, daidai inda ganga ta buga, a riƙe numfashi. Sandarewar da ta hana Inna cin tuwo ita ce wurin da ake yi wa tafi. Ya ce ana fitowa bi da bi, kowa ya amsa abin da ɗan'uwansa ya yi, ya ɗora nasa. Za ka iya yi wa mutum ba'a, ka tsokane shi, amma ba ka taɓa shi, kuma babban abin kunya shi ne ka kwafi salon wani ka ce naka ne.

Na tambaya, to mene ne salon Isuhu. Tonto Yawo ya yi murmushi ya ce in kalla da kyau. Aka sa kiɗa, Isuhu ya taka a tsaye. Ya duƙa, ya buɗe hannuwa, ya ja ƙafa ɗaya baya yana kewayawa, ya bugi cinya. Sai na gane. Takun da nake yi ne kafin in kama abokin kokowa, wanda yake kallo yana ƙarami yana riƙe mini riga a bakin fili. Ya kawo shi Abijan, kuma an ce ba mai irinsa.

Na ɗauka aikina ya ƙare, ashe da sauran rigima. Da na ce ya shirya mu tafi, ya ce ba inda za shi.

"In koma Barmu da mi? Da hannu biyu? Sa'o'ina sun kai buhu, sun kai babur. Ni in shiga da dare awa ɓarawo?"

Haka ake yi a wurinmu, wanda biɗa ta ƙi shi yakan jira duhu ya shiga gari. Ya ce a nan yana wankin mota da safe, yana rawa da yamma, ba ya roƙon kowa. Ya ce zai yi sabon bidiyo yana tashi tsaye yana dariya, a tura wa Inna.

Na ce, "Waya ta taka kashe ta tsaye. Ba waya za ta warkar da ita ba. Ka san Illa?"

Sunan kawai ya sani. Na ba shi labarin rijiya, na gaya masa abin da Inna ta ce da ta ga bidiyon, da yadda take tambayar mutane ruwan Abijan. Ya yi ta murza hular da yake sawa don juyi a ka. Can ya ce, "Ba ta cin tuwo?" Na ce sai an matsa mata. Ya tashi ya je wajen Tonto Yawo.

Tonto Yawo ya naɗo wata shimfiɗar leda mai santsi, irin ta ɗaki, wadda suke ɗorawa in ƙasa ba kyau. Ya ce ya ji garinmu rairayi ne, ba a juyi a rairayi. Ya ba Isuhu, ya ce aro ne, ya dawo da ita bayan girbi. Na je na yi wa mai aceke ban kwana, ta kwaikwayi wutsil-wutsil ɗina da hannu, muka yi dariya tare. Muka nemi Agali a kasuwar albasa, ya ɗauke mu a kan buhunan goro. A shingen nan ba a tsayar da mu ba. Na so in ga Bamosa mai kunu, na tarar rumfar a rufe, na rataye mata ƙullin goro a jikin ginshiƙi.

Daga Tawa Isuhu ya fara jan ƙafa, yana neman dalilin da zai sa mu yi yamma. Na ƙi. Da rana tsaka muka shiga Barmu, shi da naɗin leda a kafaɗa, mutane suna yi mana barka suna tambaya ko darduma ce ya kawo wa tsohuwa.

Inna tana zaune a inuwar zana. Ta rame fiye da yadda na bar ta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, ta shafa kansa, ta duba idanunsa, ta juya hannuwansa tana neman tabon ƙuna ko na faɗuwa. Na ce mata lafiyarsa lau, rawa ce, na fara ba ta labarin faifai biyu da ganga. Ba ta saurare ni ba. Illa ma lafiyarsa lau yake tsakanin faɗuwa da faɗuwa.

Ta ce, "In rawa ta, shi yi in gani."

Isuhu ya shimfiɗa ledar a tsakar gida. Ba kiɗa, sai na kifa jarkar ruwa tsakanin gwiwoyina na fara buga kiɗan 'yan kokowa, ba waƙa, ganga kaɗai. Ya taka a tsaye, Inna tana kallo ba ta motsi. Da ya sauka ƙasa ya juya a bayansa, sai na ji hannu ya damƙi damtsena. Inna ce, wadda ba na tuna ranar da ta taɓa ni tun ina yaro. Farcenta ya shiga fatata, ban daina bugu ba. Ya juya, ya juya, ya tsaya cak, kai a ƙasa, wuya a karkace, ƙafa ɗaya a sama, daidai inda bidiyon ya yanke.

Na tsayar da hannuna. Gidan ya yi tsit. Da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba ta ce, "Isuhu."

Daga can ƙasa, ƙafa a sama, ya ce, "Na'am, Inna."

"Isuhu."

"Na'am, Inna. Ina jin ki."

Hannunta ya saki damtsena a hankali. Ta ja gefen zanenta ta goge fuska. Isuhu ya sauke ƙafa ya miƙe tsaye yana haki, yana jiran ta yi faɗa ko ta yi dariya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta gyara zama, ta jawo kwanon tuwon da aka ajiye mata tun safe, ta buɗe, ta ce, "Sake."

Na koma kan jarka. Ranar har tafina ya yi ja ban tsaya ba. Tana ci, yana sauka ƙasa, kuma duk lokacin da ya sandare sai ta kira sunansa, shi kuma ya amsa.